Yadda zaka zaɓi tabarau na aikin solda, da rigimar "a ƙera a gida" da ke bayan ɗan tambarin nan na jikin firem

Duk mai aikin gyaran waya ko rediyo ko wani fanel na lantarki akwai ranar da take jiransa, yana riƙe da hantsaki ya ɗauko wata 'yar rizisto sai yaga ta zama biyu, ko rubutun kan IC, ɗan baƙin cip ɗin nan mai ƙafafu da yawa, ya koma kamar hazo ya rufe shi. Ni tawa ranar da ta zo laifin fitila na gani, na canza ƙwan fitila har sau biyu, ina ta miƙa hannu ina nesanta fanel ɗin da fuskata kamar mai gudun wari, ashe ba fitila bace, idon ne ya fara gajiya. Ba ciwo bane fa, shekaru ne. Akwai wani ɗan lens a cikin ƙwayar ido da yake lanƙwasa kansa in zaka kalli abu na kusa, yaro ɗan shekara 10 zai iya kawo abu dab da hancinsa ya ganshi tar, amma daga shekara 40 zuwa 45 lens ɗin ya fara tauri, kafin 60 kuwa kusan ya daina lanƙwasuwa. Su kuma 'yan kayan da ake mannawa a fanel, irin su rizisto, kullum ƙara ƙanƙancewa suke, mai lambar girma 0603 tsawonta milimita 1.6 ne, 0402 milimita 1 ne da faɗin rabin milimita, 0201 kuma 0.6 da 0.3, in ka yi atishawa ta tafi kenan sai dai ka ɗauko wata.

Toh abu na farko, kar ka fara da tambayar "sau nawa yake ƙara girma". Nan ne kowa yake faɗawa rami. Fara da tef ɗin awo. Zauna a teburinka yadda ka saba zama in aiki ya yi daɗi, baya a miƙe ba a duƙe ba, ayon ɗin solda a hannun dama hantsaki a hagu, sai wani ya auna maka daga idonka zuwa fanel ɗin. Wannan lambar ita ce komai. Ƙarfin gilashi ana auna shi da dayofta, shine +1.50 ko +2.00 ɗin da kake gani a jikin tabarau na karatu, lissafin kuma ba wuya, raba 100 da nisan da ka auna a santimita. Santimita 40 ya baka +2.50, 33 ya baka +3.00, 25 ya baka +4.00, 20 kuma +5.00. Amma wannan in idonka bai taimaka da komai ba kenan, in kana ɗan 45 har yanzu da sauran ƙarfi a idon, +1.50 ko +2.00 zai iya isarka a santimita 33, wanda ya kai 60 shi kam sai ya ɗauki kusan cikakkiyar lambar. Masu matsalar hangen nesa kuma, wanda gilashinsa -3.00 ne misali, Allah ya hutar da shi ta nan, cire gilashin kawai zai yi yaga komai tar a santimita 33, shi yasa zaka ga wani dattijon mai gyara yana ɗage tabarau sama in zai duba ƙafar IC, mutane suna zaton iyayi ne.

Yanzu batun ƙaryar kwali. Zaka ga tabarau a intanet an rubuta 10x, wani ma 25x, da 'yar fitila a goshi. Yadda masu sana'ar suke lissafi shine ka raba dayofta da 4 ka ƙara 1, kenan +4.00 iyakarsa ninki 2, +8.00 ninki 3. Kafin ka samu ninki 10 na gaskiya da gilashi ɗaya sai ka kai wajen dayofta 36 zuwa 40, shi kuma nisan ganinsa bai kai santimita 3 ba. Kaga kuwa ba mai hankalin da zai kai idonsa santimita 3 da ayon mai zafin digiri 350, ko wurin saka bakin ayon ɗin ma babu. Irin wannan na dubawa ne bayan an gama aiki, ido ɗaya, ba na yin aikin ba. Duk ƙarfin da ka ƙara nisa kake biya da shi, kuma zurfin gani yana raguwa, ka ɗan motsa kai kaɗan komai ya dushe, wuyanka ya sandare saboda kana tsoron motsi.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ke faɗa maka ba, shine yasa mutum zai sayi +4.00 na kanti yayi minti ashirin kansa ya fara sarawa. In kana kallon abu na kusa idanuwan biyu suna karkatowa ciki wajen hanci, tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idon, wadda a manya take kaiwa wajen milimita 63 a matsakaici, tana raguwa da kamar milimita 3 zuwa 4. Tabarau na kanti an yanka shi ne da tazara ɗaya ta kowa da kowa, ƙarfi ɗaya a ido biyu, kuma baya gyara matsalar nan ta astigmatizim da take sa layi ya zama da inuwa. A +1.50 ba zaka ji komai ba, amma yayin da ƙarfin ke hawa kuskuren milimita biyu uku sai ya zama nauyi a jijiyar ido. Shi yasa daga +4.00 zuwa sama gilashin kirki ake saka masa firizim, wato a yi shi da kauri ta wajen hanci ya karkatar da haske, ya ɗauke wa idon wahalar karkatowa. Irin na ɗaurawa a kai ɗin nan, OptiVISOR na kamfanin Donegan da ke Kansas a Amurka, abin da ya sa masu gyaran agogo da maƙeran zinare suka daɗe suna riƙe da shi kenan, gilashinsa da firizim a ciki, kuma lambobinsa basa ƙarya: lamba 3 ninki 1.75 a kamar santimita 36, lamba 4 ninki 2 a 25, lamba 5 ninki 2.5 a 20, lamba 10 ninki 3.5 a santimita 10. Ni a ganina aikin solda lamba 3 ko 4, in ka matsa 5. Lamba 10 ka saya sai dai ka ajiye, hancinka zai riga ayon isa fanel.

In da hali ka je wajen likitan ido, kuma don Allah ka tafi da tsohon fanel a aljihu. Da gaske nake. In ka ce masa "na karatu nake so" zai gwada ka a santimita 40 da takarda mai manyan baƙaƙe ya sallame ka. Fito da fanel ɗin ka riƙe shi daidai inda kake aiki ka ce nan nake so na gani, kuma a auna min tazarar ido ta kusa ba ta nesa ba. Ka nemi gilashi mai ƙarfi ɗaya duk faɗinsa, na aiki kawai, kar ka yarda da irin wanda ake haɗa nesa da kusa babu layi, shi wajen ganin kusan ɗan siriri ne a can ƙasa, zaka wuni kana ɗaga haɓa kamar mai shan magani. Kuma ka karɓi takardar gwajinka a hannu. A Amurka tun 1978 hukumar kasuwanci ta FTC ta tilasta wa likita ya ba mutum takardarsa ya je ya saya inda ya ga dama, duk da dai dokar tarayyar bata tilasta a rubuta tazarar idon ba, sai ka tambaya da bakinka.

Wanda bayansa ke ciwo ko yake wuni a tebur, akwai irin na likitocin haƙori, 'yan ƙananan madubin hange guda biyu a jikin firem, ninki 2.5 amma daga nisan santimita 35 zuwa 45, kana zaune a miƙe. Suna da daɗi sai dai filin ganin ƙarami ne kuma dole a saita su daidai da idonka in ba haka ba abu biyu zaka rinƙa gani. Daga 0201 zuwa ƙasa kuwa, ko ƙafafun IC masu matsatsi, mu daina yaudarar kanmu, maikroskof ne mai ido biyu, irin mai zuƙowa daga 7x zuwa 45x, ka ɗaura masa ƙarin lens na 0.5x a ƙasa ya ɗaga maka nisan aiki daga kamar santimita 10 zuwa 16 da ɗoriya, bulowa, na'urar hura iska mai zafi, ta samu wurin shiga. Ko masana'antu ma haka suke, ƙa'idar IPC-A-610 da ake duba ingancin solda da ita ta ce in faɗin wurin ya wuce milimita 1 ninki 1.5 zuwa 3 ya isa, in bai kai 0.25 ba sai ninki 20, kuma hasken kan tebur kar ya gaza luks 1000 a ma'aunin haske. Wannan na hasken ka riƙe shi da kyau, haske mai ƙarfi yana sa baƙin ido ya tsuke, zurfin gani ya ƙaru, sau da yawa fitila mai kyau ta fi ƙarin dayofta ɗaya amfani.

Toh gani daban, kariya daban. Wata rana ina yanke ƙafafun kafasito bayan na gama solda, na danna kota, abin yanke waya, sai naji ƙas a gilashin dama, na cire na duba, ga ɗan tabo nan daidai tsakiya inda baƙin idona yake kallo. Guntun wayar ko ganinsa ban yi ba har yau. Na daɗe zaune ina juya tabarau ɗin a hannu. Kuma wani arha ne da na saya a intanet wajen wani mai sayarwa da ya rubuta wai na kariya ne, da na duba jikinsa ko harafi ɗaya babu, sa'a ce kawai ta sa bai fashe ba. Ban da guntun waya akwai fulaks, sinadarin da ke taimaka wa solda ta kama, da yake tartsatsi in ya ji zafi, akwai narkakkiyar solda da take tsalle in kana zare waya mai ɗan tauri ta fizgo.

Abin da zaka nema gilashin folikabonet ne ko Trivex, robobi ne masu jure bugu, mai kariya ta gefe, sannan ka duba cikin hannun firem ɗin da kusurwar gilashin. In na ƙa'idar Amurka ne zaka ga Z87+, alamar tarawar nan ita ke nuna ya ci gwajin bugu mai ƙarfi, ana harba masa ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 6.35 da gudun wajen mita 45 a daƙiƙa. Na Turai EN 166 ne, harafin F a jiki shima mita 45 ne a daƙiƙa da ƙwallo mai milimita 6, yanzu kuma ana ta komawa sabuwar lamba ISO 16321. Kar a ruɗe ka da "ya ci gwajin FDA", wannan gwajin na hukumar abinci da magunguna ta Amurka ne, kowane tabarau da ake sayarwa a Amurka sai ya ci shi tun 1972, har na kwalliya, ƙwallon ƙarfe ne mai kamar giram 16 ake saki ya faɗo daga tsayin santimita 127, faɗowa kawai ba harbi ba. Akwai na kariya masu ɗan wajen karatu a ƙasa, akwai masu ƙarfi duk faɗin gilashin, na biyun ya fi dacewa da tebur. Folikabonet yana ɗan fitar da kala a gefen abu in ƙarfin ya yi yawa, haƙuri ake da shi, kuma asiton, sinadarin nan na goge fentin farce, maƙiyinsa ne, in ya taɓa shi sai ya yi fari ya tsattsage, ruwa da sabulu mai laushi ya isa wanki. Hayaƙin fulaks kuma babu tabarau da zai tare maka shi, yana jawo asma in an daɗe ana shaƙa, wani dalilin kenan da yasa nake cewa ka zaɓi nisa a kan girma, ka sa fanka mai zuƙe hayaƙin ta gefe.

Wannan ɗan tambarin Z87 ɗin shi ya kai ni ga siyasa, don duk inda masu sana'ar nan suka haɗu hirar tabarau bata daɗewa sai wani ya ce ai yanzu komai daga Sin yake zuwa, dokoki ne suka kori masana'antu daga Amurka da Turai, a soke su kawai aiki ya dawo gida. Akwai gaskiya a ciki amma an cakuɗa abu biyu. Cewa masana'antar ta tashi, ta tashi. Garin Rochester na jihar New York da Southbridge na Massachusetts a da su ne cibiyar tabarau a Amurka, Bausch & Lomb ya sayar da Ray-Ban ga Luxottica na Italiya a 1999, a 2018 Luxottica ya haɗe da Essilor na Faransa suka zama ƙato ɗaya, lens kuma garin Danyang na lardin Jiangsu a Sin yake fitar da shi kamar ruwa. A ɓangaren cip ma haka, kason Amurka a abin da duniya ke ƙerawa ya sauko daga kashi 37 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 12 a 2020, abin da yasa Biden ya sa hannu a dokar CHIPS a watan Agustan 2022 da tallafin dala biliyan 52.7, Tarayyar Turai ma ta biyo da tata a 2023.

Amma doka iri biyu ce malam. Akwai dokar da take bin kaya, akwai wadda take bin masana'anta. Ta kaya ba ruwanta da inda aka ƙera abu, kasuwa take bi. Mafi kyawun misali yana kan teburinka yanzu haka, dokar RoHS ta Turai da ta fara aiki 1 ga Yulin 2006 ta hana dalma a yawancin kayan lantarki, kar ta wuce kashi 0.1 cikin 100. Masana'antun Shenzhen na Sin basu tsaya buɗe layi biyu ba, kusan kowa ya koma solda marar dalma, tsohuwar mai kuza 63 dalma 37 tana narkewa a digiri 183 tana ƙyalli kamar azurfa, sabuwar sai wajen 217 kuma in ta daskare dishi-dishi take, har wanda ya saba da tsohuwar zai rantse haɗin bai kama ba alhali lafiyarsa lau. Wato doka ɗaya da aka rubuta a Brussels ta canza abin da idonka yake gani ta cikin tabarau a ko'ina kake a duniya. Irin wannan dokar in ka soke ta baka dawo da masana'anta ko ɗaya ba, don dama tana kan ɗan gida da ɗan waje daidai wa daida, abin da ka yi kawai ka cire wa mai saye hanyar gane na kirki da na banza. Z87 ma a nan yake, shi ba gwamnati ce ma ta rubuta shi ba, ƙa'ida ce ta masana da 'yan masana'antu, hukumar kare ma'aikata ta OSHA ta ɗauka ta ce mai kamfani ya tabbatar ma'aikatansa sun sa irinsa.

Ta biyun ita ce ake dambe a kai da gaske, albashi, lasisin gini, inda zaka zubar da ruwan sinadari, tsawon lokacin da za'a ɗauka ana nazarin illar muhalli kafin a kafa tubali. Nan kam wanda ya ce jinkirin takardu yana cin kuɗi bai yi ƙarya ba, su kansu 'yan majalisar Amurka daga jam'iyyun biyu sun yarda, a Oktoban 2024 aka sa hannu a wata doka da ta ɗauke wa wasu ayyukan cip nauyin nazarin muhalli na tarayya. Sai dai masu cewa a kwance komai su tuna daga ina dokokin suka fito. A 1981 aka gano tankin ƙarƙashin ƙasa na masana'antar Fairchild a San Jose yana yoyon sinadarin wanke-wanke cikin ruwan shan unguwa, kuma har yau gundumar Santa Clara, zuciyar Silicon Valley, tana da gurɓatattun wurare sama da 20 a jerin manyan wuraren da gwamnatin tarayya ke sa ido a tsabtace. Arhar da ake samu a wani wuri sau da yawa ba wayo bane, wani ne yake shan ruwan.

Harajin shigo da kaya kuma shi takobi ne mai kaifi biyu, a 2018 gwamnatin Trump ta ɗora kashi 25 a kan tarin kayan gyara na lantarki daga Sin, amma a wancan zagayen wayoyin hannu da laftof da aka gama haɗawa basu shiga ba. Ka duba fa, ƙaramin mai haɗa fanel a cikin Amurka, wanda ake cewa shi za'a kare, shi ya biya haraji a kan kayan da yake aiki da su, wanda ya gama haɗa nasa a waje ya shigo da shi ya wuce salin alin. A 2025 kuma aka rufe ƙofar nan ta ƙananan kaya 'yan ƙasa da dala 800 da suke shiga Amurka ba haraji, wadda ta nan ne galibin tabarau masu "25x" ɗin suke kwararowa, ni wannan ban yi musu kuka ba.

Saboda haka in ka zo saye, tuta a kwali bata gaya maka komai game da idonka. Ko a Amurka "Made in USA" ma'anarsa a wajen FTC ita ce kusan dukkan kayan da aikin a can aka yi, magana ce ta asali ba ta inganci ba, kuma akwai masu rubuta "an tsara a ƙasa kaza" da manyan baƙi, inda aka ƙera kuma da ƙanana a ƙasan kwali. Akwai masana'antar Sin da take yi wa manyan kamfanonin kayan kariya aiki kuma kayanta suna cin gwaji, akwai kuma mai buga Z87 na bogi da injin tambari. Abin da nake yi shine na duba alamar a jikin gilashin da firem ɗin duka biyu ba a kwali kaɗai ba, da alamar kamfanin da ya ƙera kusa da ita, sannan na shiga shafin kamfanin na nemi lambar samfurin na gani ko akwai ta. In mai sayarwa ba shi da suna, ko sunan wasu haruffa ne da ba'a iya furtawa, na wuce.

In ya iso kuma kafin ka yar da kwalin gwada shi. Riƙe shi nesa da fuska ka kalli layin da ya miƙe kamar gefen ƙofa ta cikinsa, ka motsa shi a hankali sama da ƙasa, in layin yana rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa gilashin bai yi ba. Ka tabbatar da ƙarfin ma, ka tara hasken wata fitila mai nisa a kan farar takarda ka auna inda ya haɗu ya zama ɗigo, +4.00 na gaskiya a santimita 25 zai haɗu, +2.50 a 40. Sai ka sa shi ka ɗauko fanel, rufe ido ɗaya ka buɗe ɗaya bi da bi, ƙafar IC ɗin ta fito daidai a duka biyun. In ta fito, yi aiki na rabin awa da shi ka ji ko goshinka zai yi nauyi, in ya yi ka sauka da rabin dayofta ka ƙara matso da fitila.